Yaya kunne zai ga abin da ido bai taɓa gani ba?

Wani ɗalibin aikin jarida ya turo mini tambaya. Shi da abokansa huɗu suna son shirya wasan kwaikwayo na sauraro zalla, babu hoto, su riƙa sakinsa kashi-kashi ta waya. Labarin wani bakanike ne a Kano da ya tsinci wata na'ura wadda ba ƙirar mutanen duniyar nan ba ce, ta sure shi ta kai shi Kanon shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne: "Malam, yaya za a yi mai sauraro ya gane an canza zamani, kuma ya yarda da na'urar da bai gani ba? Ba mu da kuɗin sayen kayan haɗa sauti."

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka a kan maganar kuɗi. Cikin duk hanyoyin ba da irin wannan labari, ka zaɓi wadda ta fi araha, kuma a ganina wadda ta fi dacewa da shi. Mai shirya fim da ya ce zai nuna Kano ta shekaru 300 baya sai ya gyara ganuwa, ya ɗinka tufafi, ya nemo dawaki, sannan ya yi ta fama da turakun lantarki da ke leƙowa ta bayan hoto. Kai kuwa ganuwarka a cikin kan mai sauraro take, shi zai gina maka ita kyauta, naka kawai ka miƙa masa tubali. An ce gani ya kori ji. To a wasan rediyo babu ganin da zai zo ya kori komai, abin da kunne ya amince da shi ya zauna.

Ba kai ne farkon wanda ya shiga wannan hanya ba. A watan Satumba na 1953 gidan rediyon BBC a Ingila ya fara watsa wani wasa mai suna Journey into Space, wanda Charles Chilton ya rubuta. Mutum huɗu ne suka tashi a roka daga Ostireliya zuwa duniyar wata, a shekarar da marubucin ya ƙiyasta 1965, alhali ɗan Adam bai taka wata ba sai 1969. Da suka sauka, wutar jirginsu ta ɗauke ba dalili, suka riƙa jin wani baƙon kiɗa da ba su san inda yake fitowa ba, daga bisani suka tsinci kansu a doron ƙasa amma dubban shekaru baya, a hannun wasu halittu masu tafiya cikin zamani. An sake ɗaukar labarin a 1958 cikin kashi 13 da sunan Operation Luna. Wannan wasa shi ne shirin rediyo na ƙarshe a Birtaniya da ya tara masu sauraro da dare fiye da masu kallon talabijin. Abu biyu nake so ka ɗauka daga wurinsa. Na ɗaya, tun kafin mai sauraro ya san su wane ne baƙin, ya riga ya haddace kiɗansu, da ya ji shi gabansa zai faɗi. Na biyu, likitan tawagar yana rubuta abin da ya faru a littafin ajiyarsa yana karantawa, ta nan ake sanar da mai sauraro inda aka kwana ba tare da ’yan wasa sun riƙa kwatanta wa juna abin da dukkansu suke kallo ba. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" ya san aikin mai ba da labari. Ka ba bakanikenka wayar da yake ɗaukar muryarsa a ciki, cajinta yana raguwa kashi bayan kashi, ka ga ka sami mai ba da labari kuma ka sami abin da zai riƙa tayar da hankali.

Yanzu maganar canza zamani, wadda ita ce rabin tambayarka. Kuskuren da kusan kowa yake yi a farko shi ne ƙari. Sai a zuba ganguna da algaita da haniniyar dawaki gaba ɗaya, wai don a ce an koma da. Abin da ya fi aiki shi ne ragi. Ka tsaya a bakin titi a Kano ka rufe ido na minti ɗaya, ka lissafa abin da kake ji: janareto yana gurnani a ƙarƙashin komai, hon na adaidaita sahu, rediyon mai shayi, ƙarar waya, mai wa’azi ko mai tallan magani a lasifika. Ka shimfiɗa waɗannan a kashin farko, musamman gurnanin janareto, ka bar shi yana tafiya a ƙasa-ƙasa har kunne ya saba ya daina lura da shi. Lokacin da na'urar ta sure bakaniken, ka yanke su duka a lokaci guda. Ka bar daƙiƙa uku ko huɗu babu komai sai numfashinsa. Sannan kurciya. Sannan daka daga wani gida can nesa, taɓarya biyu suna karɓa wa juna. Sannan, kuma wannan shi ne wanda na fi so, kiran salla da muryar ladan tsirara, babu lasifika, tana zuwa daga nesa iska tana ɗauke rabinta. Babu Bahaushen da zai ji wannan bai san an bar zamaninmu ba, ko da ba a furta shekara ba.

Bayan shiru sai baki. Mutanen da ya tarar ba za su ce ƙarfe biyu ba, za su ce da azahar, ko da hantsi, ko da walaha, ko da almuru. Babu mota, babu minti, babu lita, babu asibiti a bakinsu. Shi kuwa bakanikenka bakinsa cike yake da sifana da batir da caji, kuma duk lokacin da ya furta ɗaya wani zai ce "me ka ce, baƙo?" Ka zauna da tsofaffin gidanku ka saurari yadda suke gaisuwa, yadda suke jan ta, yadda ba a shiga magana sai an tambayi gida da gajiya da sanyi. Kunne ya girmi kaka, kuma abin da tsofaffin nan suka ji daga nasu kakannin shi ne kayan aikinka mafi tsada.

Ga wani abu da zan so ka gwada. Ka kai bakaniken Kasuwar Kurmi yunwa ta kama shi, ya tsaya gaban mai fura. Mu ji ludayi yana bugun ƙwarya, mu ji ya sha ya yi hamdala. Sai mu ji ƙarar takarda, ya zaro naira ɗari biyar. Ita kuma ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, laya za ka ba ni? Ni kuɗina nake so." A gefe kuma wani yana ƙirga wuri a kan tabarma, ƙwas, ƙwas, ƙwas. An gama. Ba ka buƙatar wanda zai fito ya yi bayani. Kuma masu sauraronka sun riga sun san nauyin wannan yanayi, domin sun san ƙissar Ashabul Kahfi, waɗanda suka zauna a kogo shekara 309 suka aiki ɗayansu cikin gari da azurfarsu ya sayo abinci. Ba ina cewa ka mayar da ƙissar Alƙur’ani wasa ba, kada ka kusanci wannan. Ina nuna maka ne cewa mutanenmu sun daɗe da sanin yadda kuɗin hannun mutum yake tona asirin zamaninsa.

Amma a nan sai ka yi hattara da tarihi, don akwai masu sauraro da za su kama ka. Idan ka kai shi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi, to kakaki ya halatta, don littafin tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Rumfa ya fara. Wuri kuwa bai halatta ba, domin littafin nan ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Haka nan kada mai talla ta yi kiran gyaɗa ko masara ko rogo ko tumatir a kasuwar Rumfa, duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Gero da dawa da gujiya da wake, waɗannan namu ne tun fil azal. Shawarata ka matso kusa. Ka kai shi tsakiyar ƙarni na 19, wajen 1851 lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano ya rubuta abin da ya gani a kasuwa da marina da masaƙa. Ko ka kai shi ’yan shekarun nan masu zafi, tsakanin 1903 da Turawa suka ci Kano da 1911 da jirgin ƙasa ya iso. Ka yi tunanin mutumin da ya san abin da ke tafe, yana zaune cikin mutanen da ba su taɓa jin kukan jirgi ba.

Sai na'urar. Ka ba ta murya ɗaya tak, kada ka canza ta har wasan ya ƙare. Wannan shi ne darasin da masu shirya Doctor Who, wani shirin talabijin na BBC, suka bar wa kowa. A 1963 aka nemi wani ma’aikacin sashen haɗa sauti na BBC, Brian Hodgson, ya ƙirƙiro ƙarar jirgin da ke keta zamani a cikin shirin. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki makullin ƙofar gida ya riƙa goga shi a kan wayoyin wani tsohon fiyano da aka farke, ya ɗauka a tef, ya rage gudunsa, ya juya wani sashe baya, ya ƙara masa amsa-kuwwa. Makulli da waya. Har yau, bayan fiye da shekara 60, wannan ƙugin ne ake ji, kuma kamfanin Big Finish da ya fara fitar da wasannin Doctor Who na sauraro zalla a 1999 ya iske aikin ya yi masa sauƙi, don da an ji ƙugin an san jirgi ya sauka.

Dalilin da ya sa wannan dabara take aiki shi ne, kunne yana tsorata da abin da ya kusa ganewa amma bai gane ba. Ƙarar da kwamfuta ta haɗa daga babu takan fito fayau, ba ta da jiki. Wadda aka samo daga ƙarfe ko fata ko ruwa tana ɗauke da ƙurar duniya a jikinta. Na taɓa neman sautin wata ƙofa da za ta buɗe cikin iska a wani wasa, na kwana biyu ina laluben sautukan intanet ban sami wanda ya shiga raina ba. A rana ta uku na ga wata yarinya a gidanmu tana wanke babbar tasar silba, ta buge ta da cokali da sauran ruwa a ciki, ta karkata ta. Sautin ya lanƙwashe kamar ana jan sa. Na sa waya na ɗauka, na rage gudunsa zuwa rabi, sai ya yi kauri ya koma wani abu da ban taɓa ji ba, na juya shi baya don ya riƙa tasowa daga shiru ya kumbura maimakon ya fara da bugu. Ita ce ƙofar. Kai ma kana da irin wannan a garejin da za ka je ɗaukar sauti: sifirin na mota da aka rataye aka buga, tsarkiyar goge da aka ja da farce, iskar taya tana fita a hankali. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana rage gudu, tana juya sauti baya, tana sa amsa-kuwwa. Abin da Hodgson ya yi kwanaki yana yanka tef da reza a kai, kai za ka yi shi kafin shayi ya huce.

Idan baƙin halittun za su yi magana, to a nan ne Hausa take da nata sharaɗin da Turanci ba shi da shi. Muryar Dalek, miyagun halittun Doctor Who, ana samar da ita ne da wata na'ura da ke kakkarya muryar ɗan wasa kamar sau 30 a daƙiƙa, shi kuma yana magana a miƙe ba hawa ba sauka. A Turanci ma’ana ba ta ɓacewa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Ka sa baƙonka ya ce "akwai kuka a gabanku" da murya a miƙe, ka gaya mini, itaciya yake nufi ko hawaye? Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Idan ka danne karin, ka kuma cika gurɓata muryar har ɗ da ɓ da ƙ suka narke, mai sauraro zai gaji ya kashe. Ka bar karin Hausa yadda yake, ka sa baƙuntar a wani wuri: ya riƙa numfasawa a inda mutum ba ya numfasawa, ko mutum biyu, mace da namiji, su furta layin tare a ɗora muryoyinsu, ko ya yi Hausa tsantsa daidai ƙa’ida amma bai san gaisuwa ba. Mutumin da aka yi wa sallama bai amsa ba ya shiga magana kai tsaye, wannan kaɗai ya isa ya sa tsigar jikin Bahaushe ta tashi. Maganar kuka kuwa, kana iya mayar da ita makami: baƙon ya faɗe ta a kashi na biyu, bakaniken ya yi ta neman itaciya, sai a kashi na takwas ya gane abin da aka gaya masa.

Akwai wata matsala da ban ga ka ambata ba, kuma ita ce za ta fi ba ka wahala. Mai sauraronmu da ya ji murya daga sama da abin da ke ɗauke mutum ya kai shi wani wuri, zuciyarsa aljanu za ta ba shi. Ba laifinsa ba ne, da su aka rene mu. Umaru Dembo ya fuskanci wannan tun a 1969 da ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka yawo. Abin da ke raba na'ura da tsafi a kunnen mutum shi ne ƙa’ida. Na'ura tana da abin da take ci, tana da iyaka, tana zafi, tana lalacewa. Kuma ka yi sa’a jaruminka bakanike ne, mutumin da sana’arsa ita ce sauraron inji. Ka bar shi ya kara kunne ya ce, "Jiya bugu uku take yi kafin ta tashi, yau biyu." Daga wannan lokacin mai sauraro zai fara ƙirga bugun da kansa. Idan kana son asalin bugun ya kasance da tushe a kimiyya, a 1967 wata ɗaliba a Cambridge, Jocelyn Bell, ta gano wani saƙon rediyo daga sama da ke maimaita kansa duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi, daidai ba kuskure, har suka yi masa laƙabi da sunan ƙananan korayen mutane, wato baƙin halittun sararin samaniya, kafin a tabbatar wata irin tauraruwa ce mai juyawa. Bugu mai tsari da ba ya gajiya, shi kunne yake fassarawa da cewa akwai hankali a bayansa.

Ita ma tafiyar zamanin sai ka yanke mata doka tun kafin ka rubuta layin farko. Zuwa gaba yana da gindi a kimiyya. Einstein ya nuna a 1905 cewa agogon mai gudu yana tafiya a hankali in an gwada shi da na wanda ke zaune, a 1971 aka ɗora agogunan atam a jiragen sama aka zagaya duniya da su aka ga bambancin, kuma agogunan taurarin GPS da wayarka take dogara da su suna saɓa wa na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, dole ake gyara lissafin. Komawa baya kuwa babu wanda ya taɓa nuna yana yiwuwa, nan fagen marubuci ne. Marubuta sukan bi ɗaya daga hanya uku: ko matafiyi ya canza abin da ya wuce yau ta canza, ko canjin ya tsaga wata duniya dabam, ko kuwa duk abin da ya yi a can ya zama dama can yana cikin abin da ya faru. Ni ta ukun nake ba ka shawara, da zuciya ɗaya. Ta fi sauƙin bi da kunne, don mai sauraro ba shi da hoton da zai tuna masa wace duniya ake ciki. Ta fi daɗin saƙa, don ƙarar da aka ji a kashin farko ba a san mafarinta ba, sai a ƙarshe a gane shi ne da kansa ya yi ta. Kuma ta zauna daidai da abin da mutanenka suka yi imani da shi game da ƙaddara, ba za ka ɓata kashi uku kana kare kanka ba. Bakaniken zai yi iya ƙoƙarinsa ya hana wani abu faruwa, ƙoƙarin nasa ya zama sanadin faruwarsa. A nan hawayen wasanka suke.

Gargaɗi ɗaya. A ranar 30 ga Oktoba 1938 Orson Welles ya watsa wasan mamayar halittun duniyar Mas a gidan rediyon CBS a Amurka, ya tsara shi kamar labarai da ɗumi-ɗuminsu, har da ɗan rahoton da muryarsa ta yanke ana tsakiyar magana aka bar shiru. Wasu da suka kama shirin a tsakiya sun ɗauka gaske ne, ko da yake jaridu sun zuzuta yawan waɗanda suka firgita. Kai da za ka saki naka ta WhatsApp, inda ake yanke minti ɗaya a tura ba kai ba gindi, kada ka kwaikwayi muryar wata tashar gaske ko sunan wani jami’i, kuma ka sa sanarwar cewa wasa ne a farko da ƙarshen kowane kashi.

Sauran aikin hannu ne. Ku ɗauki murya a ɗaki mai katifa da labule, ku rataya barguna a bango, bayan sallar asuba kafin gari ya tashi. Kada muryoyi su wuce uku a fage ɗaya, kuma ku zaɓi waɗanda ba su yi kama da juna ba, a riƙa kiran suna akai-akai. Nisa da kusanci da makirfo su ne kyamararku: mai raɗa ya matso, mai shigowa ya faro magana daga bakin ƙofa. Kashi ya tsaya a minti 12 zuwa 15. In kun fitar da shi a MP3 mai nauyin kilobit 64 a daƙiƙa, minti 15 zai kama megabait 7 da ɗan kai, wanda mai ƙaramin data zai iya saukewa. Lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri sosai, don haka gurnanin janareton nan da ƙugin na'urar ku tabbata suna da wani sashe siriri da zai fito a ƙaramar waya.

In kun gama kashin farko, kada ku fara ba abokan karatunku. Ku kai wa mai shayin unguwarku a wayar hannu, yana tsakiyar aiki, ku bar shi ya ji ba tare da kun yi masa bayanin komai ba. Daidai wurin da janareto ya ɗauke kurciya ta fara kuka, ku tsayar, ku tambaye shi: ina mutumin nan yake yanzu? In ya ce ƙauye aka kai shi, ku koma ku matso da ladan da mai ƙirga wuri kusa da farkon fagen, ku sake kawo masa.